Taragan Kaya na Zamanin Jirgin Tururi da Fasahar Ƙera Ƙananan Samfurorinsu

Zamanin jirgin ƙasa mai aiki da tururi ya ɗauki sama da shekara ɗari, tun daga wajen 1830 har zuwa lokacin da injunan dizal da na lantarki suka karɓe aikin. A Amurka manyan kamfanonin reluwe sun kashe wutar injunansu na ƙarshe a 1960, a Birtaniya kuwa sai a watan Agustan 1968. Mafi yawan abin da aka rubuta game da wannan zamani a kan kan jirgin ne, wato injin mai hayaƙi da jiniya. Taragan kaya da yake ja ba su samu irin wannan kulawa ba, duk da cewa su ne ke kawo wa kamfanonin mafi yawan kuɗin shiga, kuma a jikinsu ne ake iya karanta abin da ƙasa ke nomawa, abin da take haƙowa da inda take kai shi.

Waɗanda suka cike wannan giɓi, musamman a Amurka da Birtaniya, mutane ne da ke ƙera ƙananan samfurorin jiragen ƙasa a gidajensu don sha'awa. Son da suke yi samfurinsu ya yi daidai da na ainihi ne ya tura su rumbunan ajiye takardu, har wasunsu suka zama su ne masanan da ake komawa gare su a kan tarihin taragai.

Taragon da ba ya zama gida

A farkon al'amari kowane kamfanin reluwe a Amurka yana da nasa tsari, har da faɗin layin dogo. Kaya kan isa ƙarshen layin wani kamfani sai a sauke su a sake lodawa a taragon wani. Da ciniki ya faɗaɗa, sai kamfanonin suka amince tarago ya riƙa wucewa daga layi zuwa layi da kayansa. Wannan yarjejeniya ce ta tilasta daidaita komai. A 1867 shugabannin sassan ƙera taragai suka kafa ƙungiyarsu domin a samu ma'auni ɗaya na ƙafafu da ƙugiyoyi da sauran kayan gyara, ta yadda taragon da ya lalace nesa da gida za a iya gyara shi a inda ya tsaya. A 1886 kamfanonin kudancin ƙasar suka matso da ƙarfen dogo na sama da mil 11,000 cikin kwana biyu, don faɗinsa ya dace da na arewa.

Abu biyu ne suka fi cin rayukan ma'aikata a wancan lokaci. Na farko shi ne haɗa taragai: ma'aikaci ne ke shiga tsakanin taragai biyu yayin da ɗaya ke matsowa, ya ɗaga zoben ƙarfe da hannu ya zura masa sanda, kuma da yawa sun rasa yatsu ko ransu a haka. Na biyu shi ne birki. Idan direba ya busa jiniyar tsayawa, sai masu birki su bi ta kan rufin taragai a guje, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, suna murɗa sitiyarin birkin kowane tarago ɗaya bayan ɗaya. George Westinghouse ya yi rajistar birki mai aiki da iska a 1869, Eli Janney kuma ya yi rajistar ƙugiya mai kama kanta a 1873, amma kamfanoni sun yi ta jan ƙafa saboda tsada, har sai da majalisar dokokin ƙasar ta kafa doka a 1893, dokar da ba ta fara aiki gaba ɗaya ba sai a 1900.

Daga 1902 aka fara biyan kuɗin haya na kullum a kan duk taragon wani kamfani da ya kwana a layinka. Wannan ya sa kowa ke gaggawar sallamar baƙon tarago, ko dai ya loda masa kaya masu zuwa wajen gidansu ko ya mayar da shi wayam. Sakamakon haka, jirgin kaya guda a jihar Tekzas kan ƙunshi taragai masu tambarin kamfanoni ashirin ko fiye, wasu daga gabar gabas, wasu daga Kanada.

Kowane kaya da taragonsa

Rufaffen tarago mai ƙofa a gefe shi ne jakin aikin. Da shi ake ɗaukar katako, gari, takarda, kayan gwangwani, motoci, har da hatsi tsura: sai a toshe ƙofar da alluna daga ciki a zuba alkama kamar ana cika rumbu. Da farko da katako ake gina shi gaba ɗaya, a ɗaure ƙarƙashinsa da sandunan ƙarfe don kada ya lotsa. Daga baya aka koma yin gindinsa da ƙarfe, jikin kuma katako. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko gwamnatin Amurka ta karɓe ragamar reluwe daga ƙarshen 1917 zuwa Maris na 1920, ta fitar da zane iri ɗaya, aka ƙera taragai kimanin 100,000 a kansa aka rarraba wa kamfanoni. Kamfanin Pennsylvania Railroad ya bi tasa hanya da tarago na ƙarfe zalla mai lamba X29, wanda ya fara fitarwa a 1924 ya kuma ƙera wajen 30,000. Zanen da ƙungiyar kamfanonin reluwe ta amince da shi a 1937, mai tsawon ƙafa 40, shi ne ya zama abin da mafi yawan mutane ke tunawa idan an ce taragon kaya na Amurka. Launinsa ja ne mai duhu, domin fentin da ake haɗawa da tsatsar ƙarfe ya fi kowane araha da juriya.

Kwal, wanda shi ne kaya mafi nauyi da reluwe ke ɗauka kuma shi ne abincin injin kansa, yana tafiya ne a buɗaɗɗen tarago mai gindi kamar mazurari, wanda ake buɗe ƙasansa kayan su zube. Irin wannan tarago ne aka fara ƙerawa da ƙarfe da yawa, daga wajen 1897. Man fetur kuwa ya fara tafiya ne a 1865 cikin manyan gangunan katako biyu da aka ɗora a kan shimfiɗaɗɗen tarago, kafin a zo ga tankin ƙarfe a kwance.

Taragon ƙanƙara ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya sauya abincin da mutanen birane ke ci. A ƙarshen shekarun 1870 wani ɗan kasuwar nama a Shikago, Gustavus Swift, ya sa aka tsara masa tarago mai bango biyu da akwatin ƙanƙara, ta yadda zai yanka shanu a Shikago ya aika da naman gabas maimakon ya kora dabbar da rai. Babu injin sanyaya a ciki. Ƙanƙara ce ake zubawa ta ƙofofin da ke kan rufin, a ƙara gishiri idan ana son sanyi ya tsananta, kuma a kan hanya akwai tashoshi masu dogon dandamali inda ma'aikata ke tura manyan curin ƙanƙara su sake cika akwatunan. Kamfanin Pacific Fruit Express, wanda Union Pacific da Southern Pacific suka kafa a 1906, da haka ya riƙa kai lemo da latas na Kalifoniya har birnin New York. Dabbobi masu rai kuma suna da nasu tarago mai jikin alluna da tazara don iska, kuma tun 1873 doka ta hana a bar su a ciki fiye da awa 28 ba tare da an sauke su sun ci sun sha ba.

A ƙarshen jirgi akwai taragon gadi, inda shugaban jirgin ke zama da takardunsa, yana leƙen jerin taragan ta taga. Babban abin da yake nema shi ne hayaƙi daga ƙafar wani tarago. Sandar ƙafafun tana juyawa ne a kan tagulla a cikin akwati da aka cusa wa zaren auduga jiƙe da mai. In man ya ƙafe sai wurin ya yi zafi har ya kama wuta, sandar ta karye, jirgi ya kauce.

Birtaniya ta daɗe a kan wata hanya daban. Taraganta ƙanana ne masu ƙafa huɗu, da yawansu ba su da birkin da direba zai iya takawa daga gaba, an haɗa su da sarƙa mai zobe uku. Saboda haka jirgin kwal ba ya gudu, kuma kafin ya sauka gangara sai ya tsaya a bi taragai ana danna musu birkin hannu. Mahaƙar kwal da 'yan kasuwa ne suka mallaki ɗimbinsu, kowa da sunansa da manyan haruffa a jiki; da aka mayar da reluwe hannun gwamnati a 1948, sama da rabin miliyan na irin waɗannan taragai ta gada.

Ma'aunin ƙanƙantarwa

Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fara daidaita faɗin layin jiragen wasa, a baje kolin birnin Leipzig na 1891. A lokacin kayan wasan yara ne na langa-langa, ba a damu da ko sun yi kama da wani jirgi takamaimai ba. Sai a shekarun 1920 da 1930 manya suka shigo da batun ma'auni, wato a rage kowane sashe na tarago da kashi iri ɗaya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai zuwa kashi ɗaya cikin 87, layin dogonsa kuma faɗin milimita 16.5. Sunan na nufin rabin ma'aunin O, wanda a Amurka kashi ɗaya ne cikin 48. Masu ƙarancin wuri kan zaɓi N, kashi ɗaya cikin 160 a kan layi mai milimita 9, akwai kuma Z da Märklin ya fitar a 1972, kashi ɗaya cikin 220. A ma'aunin HO, tarago mai ƙafa 40 kan dawo santimita 14, bai kai tsawon biro ba.

Birtaniya a nan ma ta bambanta. Jiragenta ƙanana ne, injunan lantarki na wancan lokaci ba sa shiga cikinsu a ma'aunin HO, sai masu ƙira suka ƙara girman jikin zuwa kashi ɗaya cikin 76 suka bar layin a milimita 16.5. Wannan shi ne OO, kuma layinsa ya fi yadda ya kamata matsi. Waɗanda abin ya dama sun koma shimfiɗa nasu layin da hannu a kan milimita 18.83, wanda shi ne lissafin gaskiya.

A 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NMRA, a birnin Milwaukee, kuma matsalar da suka zauna warwarewa ita ce wadda kamfanonin reluwe suka warware shekara saba'in kafin nan: taragon da wani ya ƙera ya iya tafiya a layin wani, ya kuma haɗu da taragon wani. Suka tsayar da ma'aunin ƙafafu da tsayin ƙugiya. Suka kuma ba da shawara a kan nauyi: a ma'aunin HO, oza ɗaya, sannan a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Taragon ƙafa 40 zai tashi giram ɗari da 'yan kai. Idan ya gaza haka, sauran taragai kan fizge shi daga layi a kan kwana. Abin lura, in aka ɗauki nauyin taragon ainihi cike da kaya, kimanin tan 70, aka raba da 87 sau uku, kusan wannan adadin ake samu.

Masu ƙidayar ƙusa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta sauƙaƙa farashi. Kamfanoni irin su Athearn suka riƙa sayar da tarago a kwali, wanda mutum zai harhaɗa cikin 'yan mintoci, kamfanin Kadee kuma ya fito da ƙugiya mai kama da ta ainihi wadda maganaɗisu ke buɗewa. Sai dai mazubin roba yana da tsada, don haka kamfani kan zuba jiki iri ɗaya ya buga masa tamburan reluwe iri-iri, har da waɗanda ba su taɓa mallakar irin wannan tarago ba. Mafi yawan masu saye ba su damu ba. Wasu ƙalilan sun damu, kuma su ne aka laƙaba wa sunan masu ƙidayar ƙusa, da nufin zolaya.

Daga shekarun 1980 ƙananan masu sana'a, irin su Al Westerfield, suka fara zuba taragai da rezin, wani ruwan roba mai daskarewa a mazubi mai taushi. Da yake mazubin ba shi da tsada, ana iya yin ɗari biyu ko uku na taragon da kamfani ɗaya tak ya taɓa mallaka. Mai saye zai huda ramuka da allurar huji mai kaurin gashi, ya lanƙwasa waya ya yi marikin hannu da bututun birki, ya yi fenti, ya manna rubutu. Tarago guda kan ci makonni. A yau na'urar da ke buga abu mai jiki daga zanen kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa wannan aiki.

Abin da ya bambanta waɗannan mutane shi ne sukan zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, misali wata tasha a kakar 1947, su hana duk abin da bai dace da wannan lokaci ba hawa layinsu. A nan ne sanin tarihi ke zama dole. Taragon PS-1 na kamfanin Pullman-Standard bai fito ba sai a 1947, don haka ba shi da gurbi a jirgin 1942. Tsohon birki samfurin K an hana shi yawo tsakanin kamfanoni a 1953. Taragan ƙanƙara masu manyan tallace-tallacen nama da giya a jiki, waɗanda masu saye ke so saboda launinsu, sun ɓace kafin ƙarshen shekarun 1930 bayan hukuma ta hana. Taragan kwal masu jikin katako da aka ƙera a tsakiyar yaƙi don tsimin ƙarfe kuwa, daga baya an sauya wa da yawansu jiki. Hatta ƙananan rubuce-rubucen gefe suna da magana: ana rubuta wata da shekara da tashar da aka auna nauyin tarago na ƙarshe, saboda haka samfurin da ke ɗauke da kwanan watan 1955 ya tona asirin kansa a jirgin 1950.

Madogararsu takardu ne da babu wanda ya rubuta su don tarihi. Akwai kundin rajista da ake bugawa duk wata uku, mai ɗauke da lamba da tsawo da faɗi da adadin taragan kowane kamfani. Akwai littattafan zane na masu ƙera taragai, da ƙananan littattafan aljihu inda shugabannin jirage ke rubuta lambar kowane tarago da abin da ya ɗauko. Akwai kuma hotuna, ciki har da masu launi da Jack Delano ya ɗauka wa gwamnati a filayen reluwe na Shikago a 1942 da 1943, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Daga irin waɗannan littattafan aljihu ne wasu masu bincike a cikinsu suka nuna cewa rufaffun taragai sun cakuɗe a faɗin ƙasar gwargwadon yawan da kowane kamfani ya mallaka, binciken da ke da amfani ga masanin tattalin arziki kamar yadda yake da shi ga mai samfuri.

Mataki na ƙarshe shi ne tsufar da samfurin. Taragon zamanin tururi ba ya zama da tsabta: kunkunniyar hayaƙi na sauka a rufinsa, ruwan sama ya ja ta ƙasa, mai ya baƙanta ƙafafunsa, ma'aikata su yi masa rubutu da alli. John Allen, wani mai ɗaukar hoto a Kalifoniya wanda ya rasu a 1973, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa samfuri mai ƙyalli ba ya kama da gaskiya. A yau ana amfani da garin alli mai launi da fenti mai ruwa-ruwa, kuma gwani ba ya yi da ka, hoton wani tarago takamaimai yake ajiyewa a gabansa. A ganina wannan mataki ne ya fi wuya, domin kuskuren ma'auni ana gane shi da abin awo, na launi kuwa sai ido.

Taragan gyaɗa da kwal

Nijeriya ta yi nata zamanin tururi. Layin Legas zuwa Ibadan ya buɗe a 1901, dogo ya isa Kano a 1911, na Fatakwal kuma ya kai Inugu a 1916 domin kwaso kwal ɗin da aka gano a Udi a 1909, wanda da shi injunan suka riƙa aiki. Layin ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da fatu da kuza da shanu suka riƙa gangarawa kudu, gishiri da kananzir da yadi da goro suna hawowa. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake tunawa da ita a matsayin alamar arziki, tana da alaƙa da taragai kai tsaye: bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarancin injuna da taragai ya sa buhuna suka riƙa taruwa fiye da yadda jirgi ke iya kwashewa.

Wanda zai ƙera samfurin waɗannan taragai zai fara cin karo da batun faɗin layi. Tsohon dogon Nijeriya milimita 1,067 ne, ya fi na Amurka da Birtaniya matsi, wanda yake 1,435. Masu sha'awa a New Zealand da Ostareliya, inda ake da irin wannan faɗi, sun samo mafita biyu: ko a yi jikin a kashi ɗaya cikin 64 a ɗora shi a kan layin HO mai milimita 16.5, ko a bar shi a kashi ɗaya cikin 87 a yi amfani da layi mai milimita 12. Dukkansu lissafin ya yi kusa ƙwarai. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, faɗinsa milimita 762 ne, kuma layin ma'aunin N mai milimita 9 zai wakilce shi a ma'aunin HO. Hannun da zai yi aikin ma ba baƙo ba ne a ƙasar da yara ke ƙera motar kara da ta langa-langa.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne zane da hoto. Manyan kamfanonin samfuri ba sa sayar da taragan Nijeriya, kuma tsohon tarago, ba kamar kan jirgi ba, da wuya a ajiye shi don tarihi. In ya gama aiki sai masu sayen tsohon ƙarfe. Francis Jaekel, tsohon babban jami'in reluwe, ya wallafa tarihin reluwen Nijeriya cikin juzu'i uku a 1997, kuma gidan da ke ɗauke da sunansa a harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas an mayar da shi ƙaramin gidan tarihi, inda ake nuna tsofaffin hotuna da kayan aikin reluwe.